Matattun Gem na Baba Labaran

"Ɗauki buhun can ma, Kabiru. Ka kai ɗakinka, ka tura shi ƙarƙashin gado."

Baba Labaran ne yake ba ni umarni daga kan tabarma, yana nuni da haɓa saboda hannun ya yi masa nauyi. Na riga na kwashe gwangwanayensa da kwalaben maganin da yake zuba ƙananan kaya a ciki, na ɗauke ƙarfen solda na narka dalma da batirinsa, na fitar da kurfoti. Buhun nan kaɗai ya rage, cike da korayen alluna na cikin na'urar wasan gem, masu ƙaurin ƙuna.

Matarsa, Inna Fatsuma, tana durƙushe a bakin ƙofa tana hura garwashi a kasko. Ta zuba turaren wuta har hayaƙi ya turnuƙe ɗakin, ya tayar masa da tari.

"Malam, ƙaurin dalmar nan ya kama bango, ba ya fita," in ji ta.

"Shi fita. Ƙara turare."

Da na dawo daga kai buhun sai ya sa na ɗaga shi zaune, na jingina shi da filo. Ya ce a miƙo masa hularsa ta zuwa Juma'a. Ƙafafunsa sun kumbura sun yi sumul, ya ja zane ya rufe su. Ya dubi yatsunsa, duk tabon ƙuna, fari a kan baƙi, sai ya cusa su su ma cikin zanen. Baƙo yake jira. An aiko masa cewa amininsa na ƙuruciya, Ɗanlahadi, ya ji labarin ciwonsa, kuma yana nan tafe yau.

Gidan haya muke zaune a Kankara, ɗakina yana kallon nasu. Ni direba ne, ina jigila tsakanin Kankara da Faskari, ranar kasuwa nakan leƙa Sabuwa. Su Baba Labaran sun tarar da ni a gidan. Daga wani ƙauye suka zo a bayan Tafoki, bayan 'yan bindiga sun kore masa shanun huɗa sun cinna wa rumbunansa wuta. Duk wanda ya san shi a can Sarkin Noma yake ce masa. Inna ta taɓa gaya wa matata cewa a da, in kaka ta yi, har maƙwabtan ƙauyuka ake aika wa dami daga gidansu, kuma ba a taɓa sauke tukunya a gidan ba tare da an kai wa wani ba.

A Kankara babu gona. Ya zauna watanni a ƙofar gida yana kallon masu wucewa, har Yahya ya zo masa da shawara. Yahya ɗan ƙanwar Inna ne, magidanci, yana da shago a bakin titi inda yake gyaran waya da na'urorin gem, irin waɗanda samari ke taruwa suna buga ƙwallo a talabijin. Yakan sayo matattun gem a buhu daga Kano, waɗanda suka fi ƙarfin gyara. Allon da ke cikin kowanne ya mutu, amma ƙananan kayan da aka liƙa masa da dalma da yawansu suna da rai, kuma su ne ake nema in za a tayar da wani gem ɗin. Cire su aiki ne na zama da haƙuri, shi kuwa Yahya ba shi da lokaci. Ya koya wa Baba yadda ake ɗora allo a farantin yashi bisa kurfoti har dalma ta yi laushi, da yadda ake taɓa ƙafar abu da bakin ƙarfe mai zafi, a ɗaga shi da hantsaki.

Tsohon ya iya aikin, har ya fi yadda Yahya ya zata. Sunayen Turancin ne ya ƙi riƙewa, ya raɗa musu nasa. Mitsi-mitsin nan ya ce riɗi ne. Masu kama da 'yar ganga ya ce wake. Baƙaƙen nan masu ƙafafu da yawa ta kowane gefe kuwa ya kira su kaska. Amma bai taɓa yin aikin a waje ba. Cikin ɗaki yake yi, labule a sake, yana shaƙar hayaƙin, ko da zafin bazara zai gasa mutum. In aka yi sallama sai ya jefa buhu a kan kayan kafin ya amsa.

Na taɓa ce masa, "Baba, ai sana'a ce. Ka fito inuwa mana ka sha iska."

Ya ce, "Kabiru, ni da na ciyar da gari, a gan ni ina tsince-tsincen kayan wasan yara? Bar ni inda nike."

Da ciwo ya kama shi likita ya ce zuciya ce, ya hana shi zama kusa da hayaƙi. Ya ɗan bari, ya koma, har ƙarfi ya ƙare masa.

Bayan azahar aka yi sallama a zaure. Na fita in shigo da baƙon. Dattijo ne dogo, cikin babbar riga fara tas wadda ta sha sitati, hannuwanta sun ɗan yi masa tsawo. Ya ɗago kai muka haɗa ido.

Na san shi. Duk direban da ke shiga tashar Faskari ya san shi. Tsohon nan ne ɗan dako, mai yagaggiyar riga da gammo a kafaɗa, wanda kowa ke kira Tsoho kawai. Ya sha ɗora buhunan masara a bayan motata, yana nishi, yaran mota suna ce masa ya yi sauri. Shi ma ya gane ni. Na sunkuyar da kai na ce, "Sannu da zuwa, Baba. Bismillah, shigo."

Da suka ga juna Baba Labaran ya yunƙura zai tashi, Ɗanlahadi ya danne kafaɗarsa. Suka riƙe hannun juna ta saman zanen. Inna ta kawo ruwa da fura tana share ido da gefen mayafi. Tare suka yi kiwo suna yara, gonakinsu suna iyaka da juna. Shi Ɗanlahadi Kirista ne, amma Inna ta ce ba a taɓa yanka rago a gidansu ba tare da an kai masa cinya ba, shi ma in bikinsu ya zo haka. Tun ranar da ƙauyen ya watse ba su sake haɗuwa ba.

"Sarkin Noma, haka ka koma?" in ji Ɗanlahadi.

"Jiki ne, ya gaji. Kai fa? Ina ka faɗa?"

"Ina nan wajen Daudawa. Na samu 'yar gona aro. Bara na yi masara, ba laifi."

"Madalla. Madalla. Ai na san ba ka zama haka nan. Ƙasar wajen tana da kyau?"

"Tana da kyau. Kai mi kake taɓawa a birni?"

"Ni? Hutu nike. Yara sun ce in zauna, sun ɗauke mani komi."

Ina tsugune a bakin ƙofa, na rasa inda zan sa idona. Na kalli kaskon turare, na kalli silin, na kalli takalman baƙon da ke waje, robar da aka ɗinke da zaren buhu. Suna ta hira a kan iri da taki da damina mai zuwa, kowa yana ƙara wa tasa gishiri. Na so in tashi, Baba ya ce in zauna, wai ni ɗansa ne.

Ana cikin haka sai ga Yahya ya ɗaga labule, ko sallamar kirki bai gama ba. Ba wanda ya gaya masa za a yi baƙo. Yana riƙe da wani allo a hannu.

"Baba, ya jiki? Don Allah kaskar nan da ka cire ranar nan, ta irin wannan allon, tana wane gwangwani? Mai gidan gem na bakin kasuwa ya tsare ni a shago, nasa ya mutu." Ya waiga bai ga komai ba. "Af, ina kayan aikin naka? Wa ya kwashe?"

Inna ta tashi ta fita.

"Wane aiki?" in ji Ɗanlahadi a hankali.

Yahya ya gaishe shi, sannan ya ce cikin fara'a, "Ai Baba shi ke cire mana kayan matattun gem. Gwani ne, wallahi. Duk Kankara ba mai hannunsa."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, yabo yake yi. Amma na ga fuskar Baba Labaran ta saki. Ya cire hular Juma'ar ya ajiye a gefe, ya zame daga jikin filon, ya juya ya fuskanci bango.

Na ja Yahya waje na kai shi ɗakina ya ɗauki abin da yake nema. Da na dawo na tarar Ɗanlahadi yana cewa, "Ai ba komi, Sarkin Noma. Duk nema ne." Baba bai juyo ba. Can ya ce da bango, "Ka gaida gida. Allah shi ba da damina mai albarka."

Na raka baƙon tasha. Da muka kai gindin wata bedi sai ya tsaya.

"Direba, ka rufa mani asiri. Rigar nan ta wani ce a cocinmu, yau zan maida mashi. Kada ka gaya ma Labaran."

"Baba, da ka gaya masa da kanka, ai da ya samu sauƙi."

"In ce mashi mi? In ce ni da ke huɗa gaba da shi yanzu yara ke ce mani in yi sauri? Bari shi tahi da sanin ɗayanmu ya tsira." Ya kama hannuna ya matse. "Ka yi mani alkawari."

Na yi masa.

Daga ranar Baba Labaran ya daina karɓar abinci sai ruwa da ɗan koko. Ya hana a maido kayan aikin ɗakinsa. Yahya ya zo ba da haƙuri, ya ce masa ba laifinsa ba ne, ya tafi kawai. In na dawo daga aiki da la'asar nakan shiga in zauna kusa da shi. Wata rana yana kwance, ido a rufe, ya ce:

"Ka ga rigarshi, Kabiru? Shi ya koma ƙasa, shina noma. Ni kuwa ya zo ya tarar da ni ina ma yara bara da hantsaki. Da ma na mutu ran da aka ƙone rumbunan, da ya riƙe ni yadda ya san ni."

Maganar tana bakina, alkawari ya danne ta. Na ce, "Baba, ba wanda ya raina ka." Ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo. Na fito tsakar gida na tarar Inna tana wanke kwanon da ko taɓa shi bai yi ba. Ta ce, "Kabiru, ciwon nan da sauƙi a kan abin da ke cin shi yanzu."

Washegari na yi lodin Faskari. Na sauke fasinja, na hango Ɗanlahadi a bayan wata babbar mota, an ɗora masa buhu yana tangaɗi. Na jira ya sauke. Da ya gan ni ya kau da kai, kamar zai ɓuya a bayan buhunan.

Na ce, "Baba, amininka ba zai daɗe ba. Ya daina cin abinci tun ranar da ka zo. Yana cewa kai ka koma gona, shi ya lalace. Ban gaya masa komai ba, kuma ba zan gaya masa ba. Na dai ce in sanar da kai."

Ya zauna a kan buhun, ya share zufa da gammonsa.

"Yanzu za ka koma?"

"Da na cika."

"Rigar tana wajen mai ita."

Na koma wajen motata. Aka kira shi wani dakon, ya tashi ya tafi. Na ɗauka shi ke nan. Sai da mota ta cika, na tayar, na ji an ƙwanƙwasa gilashi. Shi ne, da yagaggiyar rigarsa, garin masara a gashin kansa, gammon a hannu. Na sa yaron da ke gaba ya matsa masa. Muka kama hanyar Kankara.

A zaure ya tsaya, ya fara karkaɗe jikinsa, sai kuma ya bari. Ya yi sallama ya shiga.

Baba Labaran ya buɗe ido. Ya dube shi tun daga kai har ƙafa, ya dubi gammon. Ɗanlahadi ya durƙusa a gefen tabarma, kansa a ƙasa kamar mai laifi a gaban alƙali.

"Babu gona, Labaran. Babu masara. Dako nike a tashar Faskari. Ga direba nan, ya sha ganina. Rigar ma aro ce."

Hawaye ya gangaro wa Baba ta gefen ido zuwa kunne. Ya fito da hannunsa daga cikin zane, da tabon da komai, ya ɗora a kafaɗar amininsa, daidai inda buhu ya yi kanta.

"Kai da bayanka ke ciwo tun muna samari," ya ce.

"Har yanzu shina yi."

"Maƙaryacin banza. Har da ƙasar wajen tana da kyau."

"Kai fa? Wai hutu nike."

Wata irin dariya ta kama su, mai haɗe da tari da kuka, har Inna ta leƙo a tsorace. Ni dai na juya baya, don ban ga ya dace in kalli dattawa biyu a wannan hali ba.

Da tarin ya lafa Baba ya ce, "Kabiru, ɗauko mani allo guda, da ƙarfen, da hantsaki."

Inna ta ce, "Malam, likita fa ya hana."

"Guda ɗaya tak. In nuna ma wannan baƙauyen."

Na kawo, na haɗa ƙarfen da batir. Muka tayar da shi zaune, na tallafe bayansa. Ya sa Ɗanlahadi ya riƙe allon da hannu biyu a kan gwiwarsa. Ya ce a ɗage labule don haske, karo na farko da na ji ya faɗi haka. Hasken la'asar ya shigo ya sauka a kan allon, hanyoyin jan ƙarfe suka fito siri-siri.

"Ka ga wannan? Wake ne. Ƙafa biyu gare shi, sun nutse ta baya. Juya allon. Yawwa. Sai ka ɗan ƙara mashi sabuwar dalma tukuna, ita ke tada tsohuwar."

Hannunsa yana rawa har ya kai bakin ƙarfen kusa, amma da ya taɓa sai ya tsaya cak. Wani siririn hayaƙi ya tashi. Dalmar ta yi ƙyalli, ta narke.

"Kada ka ja. In ka ja da ƙarfi ka taho da fatar allon, ka ɓata wuri. Kamar cirar gyaɗa ce, sai ƙasa ta yi laushi. Jira. Jira. To, yanzu."

Ya ba Ɗanlahadi hantsakin. Manyan yatsun nan da suka saba da igiyar buhu suka kama abin da ƙyar, suka ɗaga. Ya fito salin-alin, ƙafafunsa biyu suna sheƙi. Ɗanlahadi ya ɗora shi a tafin hannu yana jujjuyawa.

"Wannan ɗan abin shina da rai?"

"Shina da rai. A dasa shi wani wuri shi yi aiki."

"Kai, Sarkin Noma. Wallahi aikin nan ya fi dako."

"Ya fi shi zama, dai," in ji Baba, ya saki ƙarfen a hannuna. Ƙarfinsa ya ƙare ke nan. Muka kwantar da shi. Ya ce Inna ta dama fura, ya sha kurɓi kaɗan, ya miƙa wa amininsa sauran.

Ɗanlahadi bai koma Faskari ba, a ɗakina ya kwana, matata ta kwana a maƙwabta. Da safe na fasa fita aiki. Hantsi ya ɗaga, muna zaune mu uku a kansa, numfashinsa ya fara tsinkewa. Ina laƙƙana masa kalmar shahada yana bi da leɓe, Inna tana riƙe da ƙafarsa, Ɗanlahadi ya matsa can jikin bango ya haɗa hannuwa yana tasa addu'ar ba sauti. Haka ya cika, ba wani fizge-fizge.

Ni da limamin unguwa muka yi masa wanka. Yahya ya rufe shago ya zo da likkafani, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Mutane sun taru fiye da yadda na zata, har da 'yan ƙauyensu da ke warwatse a garin, waɗanda ban taɓa sanin suna nan ba: mai tura kurar ruwa, mai gadin wani shago, mai faskare. Suna ta gaisawa da juna a hankali, kowa yana kallon gefe.

Da aka tsaya sallar gawa Ɗanlahadi ya koma bayan sahu ya tsaya shi kaɗai, gammonsa a hammata. Aka ɗauki makara ya bi mu har maƙabarta. An ɗan yi yayyafin farko da asuba, ƙasar da aka tono ta yi duhu, tana ƙamshi. Aka sa shi, aka jera itace, aka rufe, liman ya yi addu'a, jama'a suka fara juyawa.

Na kai bakin hanya na waiga ban gan shi a bayana ba. Yana can tsugune a gefen kabarin. Ya ɗebi ƙasar a hannu ya dunƙula, ya murje ta da babban yatsa, ya kai hanci ya shinshina. Sannan ya buɗe yatsunsa a hankali, tana zuba.